Shayin La'asar a Karantina

A Karantina ta Jidda, bayan la'asar,
inda iskar teku ke zuwa da gishiri da ƙaurin dizal,
mu uku ne a benci ɗaya:
ni, da Haladu mai gyaran firji,
da Sammani da ke sauke kwantena daga Guwanju.

Haladu ne ya tono zancen, kamar kullum.
Ya ce: Mutanen Sin da kuke yabo,
sun fi yashin bakin tekun nan yawa,
amma yaushe suka taɓa cewa a'a aka fasa?
Jam'iyya ɗaya, ƙofa ɗaya, mabuɗi a aljihu ɗaya.
Akuyar da ke ɗaure, ko ta yi kitse,
ba ita ke yanke tsawon igiya ba.

Sammani ya kurɓi shayi, ya girgiza kai.
Sau tara na je, kai a waya ka gani.
Na ga rami a titi da safe,
wata tsohuwa ta buga lamba ta zazzaga faɗa,
kafin in gama cinikin fankoki an cike shi.
Mu da muka sha dangwala yatsa a gida,
ramin ƙofarmu a Gusau har ya yi jikoki.
Wanne ne iko, tawada a babban yatsa
ko kwalta a ƙarƙashin ƙafa?

Haladu ya ce: Mai jaki ma yana cire masa ƙaya,
don ya san gobe akwai kaya.

Ana haka sai ga Liyang,
injiniyan da nake tuƙawa shekara biyu,
hular kwano a hammata, siminti a gira.
Suka tare shi da Larabcin kasuwa,
shi ma da irinsa ya iya.
Ya dubi dama, ya dubi hagu,
a garin da ba wanda ya san sunan ubansa,
ya kife wayarsa a kan benci.

Ya ce: A ƙauyenmu akwai kogi.
Masana'antar fenti ta mai da shi ja.
Uwata da matan unguwa suka ɗauki kujerun roba
suka zauna a ƙofar ofis, kwana arba'in,
ba kwali, ba ihu, saƙa kawai suke yi.
Aka ɗauke masana'antar. Kifi ya dawo.
Sammani ya tafa hannu.
Liyang ya ce: Dakata.
Kawuna ne ya rubuta takardar koken.
Aka gayyace shi shan shayi.
Ya dawo lafiya, ba ƙwarzane,
sai dai tun ranar ba ya zancen komai sai tattabaru.

Haladu ya ce: To ka ji!
Sammani ya ce: Kai ma ka ji!
Kowa ya yagi rabinsa ya sa a aljihu.
Liyang ya juya cokali a kofi, ya ce:
Kogin ya washe. Kawuna ya yi shiru.
Ni duka biyun nake ɗauke da su.

Sai motar jawazat ta ratso layin a hankali.
Hannu uku suka tafi ƙirji lokaci ɗaya
suna laluben igama.
Har ta sha kwana ba wanda ya yi tari.

Shekara talatin da ɗaya ina garin nan.
An ƙara kuɗin takarda, an sauya dokar kafili,
a bakin mai shayi nake jin labari.
Ga mu nan muna auna rufin wani
ruwa na ɗiga mana a wuya.

Aka kira magariba.
Liyang ya biya kuɗin shayin duka,
Haladu ya hana, ya ƙi hanuwa.
A hanyar masallaci Sammani ya raɗa mini:
Gobe ka tambaye shi, tattabarun suna tashi,
ko a keji suke?